Kada Inna Ta San Inda Badar Yake

Unaiza, Rajab 1425

Zuwa ga yayana Abu Ziyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kai da Ummu Ziyad da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a can Malesiya. Allah ya sa ka kammala karatun nan lafiya. Mu nan sai godiya. Zafi ya fara sassautawa, ciwon gwiwar Inna ma ya yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta.

Na rubuto ne a kan ɗana Badar, don magana ce da ba ta waya ba. Tun da ya tafi Riyad karatu ya sauya. Da ya zo hutu bara, sai ya daina bin limamin unguwarmu salla, wai gwamnati ke biyansa. Ya sauke hoton sarki daga ɗakin baƙi. Ya ce sarautar da ta shigo da sojojin kafirai ƙasa mai tsarki, take kuma sayar musu da mai, babu mubaya'arta a wuyan kowa. Wansa Rakan, mai gadin gidajen ma'aikatan mai a gabas, ya mayar da abin wasa, yana kiransa Babban Mufti, yana tambayarsa ko motar da yake yawo a ciki ruwan Zamzam take sha. Badar ko murmushi bai yi ba, ya ce masa ya tuɓe kakin nan tun da sauran lokaci. Babansu ya daka tsawa, ya ce ba a gidansa ba. Bayan Babbar Salla muka nemi Badar muka rasa.

Ba a jima ba aka kai hari inda Rakan ke gadi. Abokin aikinsa ya rasu nan take, shi kuma harsashi ya farfasa masa cinya. Badar ba ya cikin maharan, amma mutanensa ne, kuma hotonsa ya fito a talabijin cikin waɗanda ake nema.

Rannan da hantsi ya bugo mini waya. Ya tambayi jikin Rakan, na ce ƙafa dai ba za ta koma yadda take ba. Sai ya ce ai ya gargaɗe shi. Na ce ashe ya sani, ya bar ɗan'uwansa ya fita aiki ranar? Babansu yana gefe yana shan gahawa, ya ji komai. Ya ajiye kofi, ya karɓi wayar daga hannuna, ya sa takalmi ya nufi ofishin 'yan sanda da ita. Na bi shi har ƙofa ina kuka, ina cewa harbe Badar za su yi. Ya ce in muka rufa masa asiri, gobe wata uwar ce za ta yi wannan kukan.

An kama Badar da ransa a wata gona wajen Zulfi, yanzu yana kurkuku a Riyad. Na je na gan shi, ya rame, kuma ya ƙi a ambaci sunan babansa. Unguwa ta rabu biyu: wasu su zo su riƙe hannun babansu su sa masa albarka, wasu su tsallaka titi in sun hango shi. Ni da babansu mun soma komawa magana kaɗan-kaɗan.

Ga roƙona. Inna ba ta san komai ba, likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. An gaya mata haɗarin mota Rakan ya yi, da ta matsa da tambayar Badar kuma sai Rakan ya ce yana wajenka yana karatu. In ka bugo ranar Juma'a za ta ce ka ba ta shi. Don Allah ka ce ya fita. Ta zaɓar masa dabino da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ta sa na ɗaure a kwali. Yana tare da wasiƙar nan. Yara su ci, ka gaya mata ya iso.

Ka gaishe mini da Ummu Ziyad, da Ziyad, da 'yar auta Jawahir. Rakan yana gaishe ka, ya fara takawa da sanda. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Lulwa