Ta Goge Min Shekara Tamanin da Man Goge Baki

Anti Roberta, ki taimake ni kafin takaici ya mayar da ni asibiti. Kwanan nan aka yi min aikin zuciya. Ina dawowa gida, matata Darlene ta tarbe ni da faranti tana washe baki. Me zan gani? Kwandalolina na azurfa, 'yan rabin dala, da nake tarawa tun ina saurayi, duk suna ƙyalli kamar sabon cokali! Wai ta ga sun yi baƙi, shi ne ta bi su ɗaya bayan ɗaya da buroshi da man goge baki. Man goge baki fa! Wa ya aike ta? Kowane mai tara tsofaffin kuɗi ya san duhun nan da shekaru suka bari shi ne darajar. Har da ta 1942, wadda gefenta ya rine shuɗi-shuɗi, da na ajiye wa jikata Paige. Na kai wa Kowalski mai shagon tsofaffin kuɗi, ya duba da gilashinsa, ya ce duk sun karce, sai dai a biya nauyin azurfar. Tun ranar na tare a ɗakin ƙasa, na daina cin girkinta, sai miyar gwangwani. Ita kuma, don ƙarfin hali, wai in ban hauro ba kafin bikin Godiya da ake yi a ƙarshen Nuwamba, za ta koma wurin yayarta a Dayton. Ita da ɓarna, kuma ita da fushi?

Mai Ƙunar Rai, Toledo

Mai Ƙunar Rai, asara kam ka yi, kuma da Darlene ta tambaya kafin ta taɓa, da ya fi. Amma gaya min, duk zamanku ka taɓa zaunar da ita ka nuna mata abin da kake gani a duhun nan? Ko Kowalski kaɗai kake yi wa hirar?

Ka kuma tuna lokacin da ta yi aikin. An tsaga ƙirjinka, ba ta da tabbacin za ka tashi, amma ta zauna tana gyara maka kayanka don ka dawo ka gani. Wannan kake yi wa horo da ƙin cin abincinta, kai da bai kamata ka sha gishirin da ke cikin miyar gwangwani ba?

Kada ka sayar da ko ɗaya. Ka ba Paige tata yadda take, ka faɗa mata wa ya goge ta, da kuma dalili. Sannan ka hau sama yau, tun Darlene tana can. Kwandalolin za su iya jiran wasu shekaru tamanin su sake duhu, ku biyun ba ku da wannan lokacin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya huci zuciyar da aka sha wahalar ɗinkewa.