Na Zazzage Jakata a Kan Tebur

Litinin, 3 ga Maris

An raba mana na'urorin koyarwa yau. Darasi na ciki a rubuce, malami ya karanta wa yara kalma bayan kalma. In ya kauce, na'urar ta kai ƙararsa ofis. Har wurin yin murmushi an rubuta. Shugabar makaranta, wadda ta yi zaman ajina da majina a hanci, ta ce, "Malama, duk wanda bai bi ba za a karɓe ajinsa." Na ce to a ɗauko aku mana, ko fansho ba zai nema ba.

Laraba, 5 ga Maris

Harɗaɗɗun sunaye na Turanci. Tun da na fara koyarwa hanyata ɗaya ce: in zazzage jakata ta hannu a kan tebur. Buroshin haƙori, jan-baki, tabaran rana, littafin rubutu. Kowa ya ɗauki abu, ya nemo sunansa da Turanci, ya ga yadda kalma biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Haka na yi yau, na'urar kuwa na kife ta. Aji ya kaure. Sarkin Tambaya, siririyar nan ta layin gaba, ta ɗaga jakar sama ta ce, "Malama, ai ita ma sunanta na Turanci biyu ne a haɗe, hannu da jaka!" Wace na'ura ce za ta ji daɗin wannan?

Alhamis, 6 ga Maris

Ofis. Wai ban wuce shafin farko ba. Na ce yaran sun wuce. Shugaba ta sunkuyar da kai: "Malama, ni ma akwai na sama da ni. Ki rufa mini asiri." Da rashin kunya ta yi mini, da na samu wanda zan wanke tas.

Asabar, 8 ga Maris

Maigida ya ce, "Ki karanta musu mana, bakinki ne zai yage?" Duk littattafan da na karanta a kan azzalumai, babu wanda ya faɗa mini akwai wanda ake sa wa caji.

Talata, 11 ga Maris

Gargaɗi na biyu. Babu na uku.

Alhamis, 13 ga Maris

Na karanta, daga farko har ƙarshe. Sarkin Tambaya ta ɗaga hannu, na'ura ta ce a ci gaba. Na ci gaba. Hannun ya daɗe a sama. Inda aka ce a yi murmushi dai ban yi ba, a rubuta mini wannan.

Litinin, 17 ga Maris

Shugaba ta ce ni ce ta ɗaya wajen bin darasi. Ajina yana hannuna. Yarinyar ba ta ɗaga hannu ba yau. Ƙila ta gane komai ne.

Ƙaramar jaka na riƙe. Babbar jakar kam, ciwon kafaɗa take sa ni, ba wani abu ba.