Kaset ɗin Sunan Dijatu

Filinge, 4 ga Afrilu 2012

Zuwa ga uwargidana Habsa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da autarmu Dijatu da jinjirinta. Yaya zafin Yamai? Nan lafiya lau, in ban da tuwon da nake tuƙa wa kaina, wanda ko akuyarki shinshinawa take ta wuce.

Kin tuna kaset ɗin sunan Dijatu, wanda yayanki Tahiru ya ɗauka da kamarar da ya zo da ita daga Abijan tun zamanin soja? Na same shi a ƙasan akwati. Sahabi mai hoto ya ara mini ordinatarsa, wato kwamfuta, da wata waya mai haɗa ta da kamarar, don in kwashe hoton. Ya gargaɗe ni cewa zaren ya tsufa, duk zagayen da ya yi ƙara lalacewa yake. Kin san kuwa in akwai inda kamannin mahaifiyarki, marigayiya Inna Tambara, sunka rage a duniya, to nan ne.

Aiki dai ya ƙi. Ranar farko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a minti na tara. Rana ta biyu ordinatar ta yi barci da kanta, sai da Sahabi ya zo ya hana ta. Ta uku zakaranki ya ratsa ɗakin ya fizge wayar. Duk na magance waɗannan, amma da an kai minti na sha bakwai sai allon ya koma shuɗi, komai ya tsaya. Mun goge kan kamarar da auduga, mun sake waya, har fifita nake mata. Shiru. Ban ga Inna ba tukuna, sai gefen zanenta. Duk lokacin da na mayar da zaren baya sai na yi addu'a kada ya tsinke.

Kada ki gaya wa Dijatu yanzu. Ki gaishe da surukinmu.

Mijinki,
Magagi

Filinge, 11 ga Afrilu 2012

Habsa,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar mai jego. Albishirinki, mun kama mai laifi, kuma ɗan'uwanki ne!

Tahiru ya biyo ta nan daga kasuwar Baleyara, yana ta zagin ordinatar. Sai Sahabi ya ce mu rabu da ita, mu kalli kaset ɗin ta ƙaramar tagar kamarar. Ashe a daidai wurin zaren wayam yake. Ran sunan Tahiru kan kashe kamarar, in ya dawo sai ya tura zaren gaba don kada ya goge abin da ya ɗauka. Ita kuwa ordinatar da ta ga ba hoto sai ta ɗauka an gama. Giɓi huɗu munka samu, kuma abin da ke bayyana kafin kowane ɗaya akushin abinci ne ana shigowa da shi. Ya rantse batir yake canzawa. Sahabi ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Sai munka riƙa tsallake giɓin da hannu, munka kwashe gunduwa biyar, Sahabi ya haɗe su a faifai guda.

Bayan giɓi na uku Inna ta fito. Tana zaune a gindin itacen bedin gidanmu, Dijatu a cinyarta, tana yi mata tawai. Ta ɗago kai ta yi wa Tahiru faɗa wai ya ajiye abin nan ya bar haska mata jika. Daga nan ta waiwaya tana kiranki ki zo ki sha kunun kanwa kafin ya huce. Tahiru ya daina dariya, ya fita ya daɗe tsaye bayan rumbu. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, sai da na cire madubin idona.

Muna mayar da zaren baya ya tsinke. Amma alhamdu lillahi, komai ya riga ya shiga.

Na ba Moussa direba faifan tare da wasiƙar nan. In za ku kunna, ki zaunar da Dijatu kusa da ke, ki ƙara murya. Sau uku Inna ta kira sunanki, kuma a hoton ba a ji kin amsa ba.

Ki dawo da wuri, gidan ya yi mini faɗi.

Naki har kullum,
Magagi