Suna Shan Miyata, Ba Su San Sana'ata Ba

Uwargida Noelene, don Allah ki ba ni shawara. Abin da ke damuna ƙarami ne har ina jin kunyar faɗa, amma ya hana ni sakat.

Shekara ashirin da shida na yi ina gyaran rubutu a wata jarida nan Hobart, babban birnin tsibirin Tasmania. Da na ajiye aiki bara, sai na mayar da garejinmu ofis, na ce zan riƙa gyara wa ɗaliban jami'a Turancin kundin bincikensu, tunda gidanmu yana kan hanyarsu ta zuwa tashar bas. Na manna takardun talla a allunan sanarwa. Ruwan Yuni ya jiƙe wasu, sauran kuma masu neman abokin haya suka manna nasu a kai. Ko mutum ɗaya bai kira ni ba.

Da ɗalibai suka dawo daga hutu a Yuli, lokacin hunturunmu a nan, sanyi ya kankama, dutsen bayan gari ya yi fari fat da ƙanƙara, sai wata dabara ta faɗo mini. Kowace Laraba in dafa miyar kabewa babbar tukunya, in gasa burodi, in kunna hita mai ɗumama ɗaki, in ɗage ƙofar gareji. Na rubuta a allo: "Ɗalibai, ku shigo ku sha miya mai zafi." Niyyata idan sun ji ɗumi in miƙa musu katin sana'ata. Makon farko mutum uku suka shigo. Yanzu sukan kai goma sha biyar, har da masu zama kan buhun abincin kare.

Gaskiya rabon da in ji daɗi haka tun yaranmu suna gida. Amma katin nan har yau yana aljihun rigar girkina. Da na sa hannu zan fito da shi, sai in ga wani yana hura cokali, hancinsa ja wur, sai in bar katin a aljihu. Mijina Graeme ya ce duk faɗin Tasmania ni kaɗai ce na buɗe shago na ɓoye wa masu saye.

Akwai Semisi, ɗan ƙasar Tonga, mai digiri na biyu kan kamun kifi. Anti yake ce mini, shi ke kwashe kwanuka ba a sa shi ba. Larabar da ta wuce ya shigo yana murna, ya ce, "Anti, na samo masu gyara mini babi na uku, wani kamfani a intanet. Ki taya ni addu'a kada su yanka ni." Sannan ya tambaye ni wace coci ce ke turo ni. Ashe dukansu sun ɗauka aikin coci nake, tunda coci aka sani da rabon miya lokacin sanyi. Na yi dariyar yaƙe, na ƙara masa burodi.

Ina son aikina, hannuna ƙaiƙayin jan biro yake. Amma ina tsoron in na faɗa su ce ashe tarko na ɗana musu, garejin ya koma shiru. Wannan shirun ne ba na so. Yaya zan yi?

Mai Jan Biro, Hobart

*

Mai Jan Biro, 'yar'uwa, na yi dariya da wasiƙarki, kuma na ji ki a raina. Matsalarki mai daɗi ce: abin da masu talla ke wahalar nema, wato mutane su zo da ƙafarsu su sake jiki, ke kin samu.

Tsoronki yana da tushe. Da niyyar talla kika fara, kuma mai yiwuwa ɗaya ko biyu su ji wani iri. Amma Graeme ma bai yi ƙarya ba. Shirunki bai taimaki kowa ba, ga Semisi can zai miƙa aikinsa ga mutanen da bai taɓa gani ba, alhali mai shekara ashirin da shida a sana'ar tana zuba masa miya.

Kada ki raba kati kan tebur, a nan ne abin zai yi kama da tarko. Ki ƙara layi ɗaya a allonki: sunanki, da cewa gyaran rubutu kike yi. Ki faɗa musu da bakinki sau ɗaya cewa miya kyauta ce ga kowa, da wanda ya kawo aiki da wanda bai kawo ba, kuma ki riƙe wannan alkawarin. Wanda ya kawo kundi, ki ce ya fara samun yardar malaminsa, kuma harshe kawai za ki taɓa, bincike nasa ne. Kada ki damu idan Agusta ya wuce shiru, sai wajen Oktoba da miƙa kundi ya matso za su fara neman ki a guje.

Semisi kuwa kada ki jira Laraba. Ki neme shi gobe, ki faɗa masa gaskiya duka, har da kunyar da ta hana ki magana. Ko ya ba ki babin ko bai ba ki ba, ki bar masa zaɓi. Wanda ya kira ki Anti ba zai guje ki don kina da sana'a ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ya ji daga bakin wani.

Allah ya sa albarka a sana'arki, ya bar ki da mutanenki.

Noelene