Dodon Mataki na Ƙarshe

Ringim, Asabar

Ɗana Dalhatu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da matarka Aina'u. Tunda in na kira waya sai ka ce ƙarar inji ta hana ka ji, ga takarda ta hannun Ya'u direba.

Ya'u ya ce da an ɗauke wuta a kamfaninku na fata a Challawa, wasu su yi alwala, kai sai ka zaro waya ka hau wasan nan na ɗan mutum mai tsallake ramuka. Shi ne wanda na ƙwace muku akwatinsa kuna firamare, kai da marigayi Usaini. Magidanci da furfura a gemu! Injin matse fata bai san ɗan kowa ba. Ka goge wasan nan daga wayarka.

Mahaifiyarka,
Talatu

Panshekara, Talata

Hajiya,

Ina gaishe ku da girmamawa. Ya'u ya cika surutu. Sai in babu wuta nake taɓawa.

Sababbin wasanni ba sa burge ni. Wannan ba ya ajiye maka inda ka tsaya. In rayukanka suka ƙare, sai ka koma farko. Ni da Yaya Usaini ba mu taɓa kashe dodon mataki na ƙarshe ba. Yanzu ina isa ƙofarsa. Ku ƙara mini haƙuri kaɗan.

Ɗanku,
Dalhatu

Ringim, Lahadi

Dalhatu,

Babu doguwar gaisuwa. Ya'u ya ce inji ya kama hannun wani a ɓangarenku, kuma ya ƙi kallon idona. Wayarka a kashe, ta Aina'u ba a ɗauka. Ko layi ɗaya ne ka rubuto da hannunka, in ga rubutunka.

Talatu

Panshekara, Litinin

Hajiya,

Barka da war haka. Aina'u ce. Shi ne, amma yana raye. Wuta ta dawo yana tsakiyar faɗa da dodon, sai ya riƙe waya a hagu yana tura fata da dama. Yatsu biyu sun tafi. Likita ya ce in bai riƙa motsa sauran ba za su sandare, aikin ma ya gagare shi. Ya juya wa bango fuska, ya ƙi motsa su. Ya ce kunyarku yake ji.

Surukarku,
Aina'u

Ringim, Laraba

Dalhatu,

Ina gaishe ka da jiki. Faɗan da zan yi maka yana nan, na ajiye maka, ba zai lalace ba.

Ya'u zai ba ka ƙullin atamfa. Akwatin wasanku ne, da abin latsawar da Usaini ya tauna wayarsa. Na sa an gwada, yana kamawa. Ka haɗa da talabijin a ɗakinka, ba a gaban inji ba. Ka sa yatsun nan aiki har ka kashe abin nan, ka huta mu huta.

Amsar wannan da hannunka nake son ta, komai munin rubutun.

Mahaifiyarka,
Talatu