Wutsiyar Jirgi a Maƙerar Kawu Bawa

Gaya, 9 ga Oktoba

"Ai gaishe mu ya zo yi! Ki rubuta masa, ki ce duk mun gani, mun gode."

Ma'u maƙwabciyarmu ce ke faɗin haka, Yazidu, tana tsaye a kaina, hannu a ƙugu. To, na rubuta. Yanzu sai gaisuwar da ya kamata ta zo farko: assalamu alaikum, ƙanena. Ya jiki, ya ƙafar? Inna na gaishe ka. Samira, ƙawata tun muna lakwal, wato makarantar boko, wadda ke aikin jinya a asibitin da aka kwantar da kai, ta ce an karɓe maka waya, amma aljihun rigarta zai ɗauki takarda.

Jiya masu bincike uku suka zo daga Yamai, suna tambayar yadda jirginku ya faɗi a gonakin shinkafa na hanyar Tunuga. Ban taɓa ganin mutanen unguwarmu sun ba hukuma haɗin kai irin na jiya ba. Layi suka yi. Kowa ya shaida cewa ɗansu Yazidu, mai koyon tuƙin jirgin soja, ya sauko ƙasa-ƙasa don ya gaida mahaifiyarsa. Ma'u ta ce sau biyu ka karkata fiffike a kan gidanmu. Wani tsoho ya rantse ya ga kana ɗaga hannu. Babban mai binciken bai ko dube su ba, rubutu kawai yake yi, su kuwa sun ɗauka yabonka ake rubutawa.

Ni lokacin ina aji, ina koya wa ɗalibai abin da ke sa abu ya faɗo ƙasa. Ƙara kawai na ji.

An ce malaminka, Kapiten Zahradeen, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Inna ta share tsakar gida sau huɗu yau, ba ta kuma tambaye ni komai ba, abin da ya fi tambaya tayar mini da hankali. Ni zan tambaya. Ka faɗa mini gaskiya, ni ba Ma'u ba ce: gaisuwa ka zo yi?

Allah ya ba ka lafiya.
Yayarka, Sa'ida

Yamai, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Sa'ida,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Inna da Kawu Bawa. Ƙafa da sauƙi, an sa mata ƙarfe.

Wallahi, Yaya, ban zo gaisuwa ba. Hanyar da aka zana mana ce ta bi ta kan kogi. Saboda yaƙin nan safe da yamma muke tashi, ana bukatar matuƙa da wuri, ba wanda ke da lokacin wasa. Muna can sama sandar tuƙi ta saki a hannuna kamar an yanke igiya, hancin jirgi ya sunkuya. Kapiten ya karɓa. Karkatar da Ma'u ta gani shi ne yana kokawa da jirgin don kada mu faɗa kan gidaje. Ya fitar da mu bayan gari, shi ke nan abin da nake tunawa.

Idan aka karɓi shaidar mutanenmu, kotun soja za a kai ni a kan mutuwarsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyu. Za a gaya musu ɗalibi ne ya kashe musu uba don ya burge 'yan unguwarsu.

Abu ɗaya zai iya wanke ni. A cikin wutsiyar jirgi akwai wata sanda da ke ɗaga ta, a bakinta akwai wani ƙarfe kamar babban yatsa, mai zobe da lamba a jiki. Na tabbata shi ne ya karye. Idan wurin karayar rabi baƙi ne rabi na ƙyalli, tsohuwar tsaga ce, ba faɗuwa ce ta jawo ta ba. Amma masu bincike sun ce ba su ga wutsiyar ba sam. Wutsiyar jirgi ba allura ba ce, Yaya. Ina ta shiga?

Ki gaida Inna, ki ce mata ina cin abinci.
Naki, Yazidu

Gaya, 16 ga Oktoba

Ƙanena, sallama da gaisuwa. Na gaya wa Inna kana cin abinci. Ta ce ƙarya kake yi.

Ka tambayi inda wutsiyarka ta shiga. Mutane sun riga jandarmomi isa wurin da awa biyu. Sun zare ku daga ciki, sun ɗora ku a amalanke, Allah ya saka musu. Bayan haka sai kowa ya ga bai kamata ya koma gida hannu wofi ba. Kashegari aka yi shela cewa duk wanda aka kama da tarkacen jirgi za a lissafa shi cikin masu taimakon 'yan bindiga. A ranar kogi ya karɓi kyautar da bai taɓa samu ba. Masunta sun ce har kujera sun ga ana jefawa.

Amma wutsiya dalma ce mai kyau, kuma ka san wanda ba zai iya jefa dalma a ruwa ba ko da wuƙa a wuyansa.

Shekaranjiya na je maƙerar Kawu. Sababbin tukwane jere a ƙofa, farare tas, ba nauyi.

"Kawu, wannan dalma daga ina?"

"Gwangwanin lemo ne, daga Malanbil."

"Mutanen Benin sun sha lemo bana."

"Ke dai Madam Boko, in saye kika zo yi ki saya, in sa ido ne rana ta yi."

Ya shiga alwala. Ka tuna yadda yake cire duk wani baƙin ƙarfe kafin ya narka dalma, don yana ɓata tukunya, ya jefa shi a tsohon bokitin nan? Na zazzage bokitin. Kusoshi, ƙafar keke, makullai. Sai ga shi, Yazidu. Kamar babban yatsa, da zobe, da lamba. Rabin karayar baƙi ƙirin, rabi na ƙyalli. 

Na mayar da shi ƙasan bokitin, ga dalili. Na je wurin Cha'ibu, tsohon jandarman da 'yarsa ke ajina, na ce wai wata ce ta aiko ni da tambaya. Ya dube ni yadda ake duban wadda aka aiko. Ya ce ƙarfe shi kaɗai ba ya magana. Za su ce da guduma aka karya shi bayan faɗuwa, ko ma daga wani jirgin aka samo. Dole wanda ya kwance shi da hannunsa ya tsaya gabansu, ya faɗi inda ya ɗauko wutsiyar da yadda ya tarar da ƙarfen. Na ce, to shelar fa? Ya ce shela tana nan, ba a janye ta ba.

Ka ga inda muke. Ƙanen Inna a hannu ɗaya, ɗanta a ɗayan, ni kuma da digirina a tsakiya, ba ya amfana mini komai. Ban gaya mata ba. Kullum kuma tsoro nake ji kada Kawu ya tuna da bokitin ya kai shi kogi.

Sai na ji daga gare ka.
Sa'ida

Yamai, 18 ga Oktoba

Yaya, ina gaisuwa.

Ki bar shi. Kada ki ambaci sunan Kawu. Tun rasuwar Baba shi ya riƙe mu, shi ya kai ni tasha ranar da zan tafi soja, yana gaya wa duk motar cewa ɗansa zai tuƙa jirgi. Da tarin nan nasa ba zai yi sati a tsare ba. Ni yaro ne, zan iya ɗauka.

Ranar Alhamis masu bincike za su rufe rahotonsu. Sau biyu suka zo, tambaya ɗaya suke maimaitawa: ko na taɓa yi wa wani alkawarin wucewa ta kan gidanmu. Na ce a'a. Suka karanta mini shaidar mutum goma sha ɗaya, duk na san su, wasu sun goya ni.

Jiya matar Kapiten ta zo har bakin ɗakin da nake. Ba ta shigo ba. Ta tsaya ta dube ni, ta juya.

Ki bar shi, na ce. Ki gaida Inna.

Lambar da kika gani, da bakwai ta fara?

Yazidu

Tashar mota, Gaya, 20 ga Oktoba

Ƙanena, sallama. Da bakwai ta fara.

Ga ni nan tafe Yamai, amma ba za su bar ni in gan ka ba, don haka Samira za ta kawo maka wannan. Na karanta "ki bar shi" ɗinka sau biyu, kamar yadda ka rubuta shi, ban kuma ji ba.

Da hantsi na je wurin Kawu. Ban yi kwana-kwana ba, na gaya masa komai, har da abin da ka ce a kansa. Na ce zan ɗauki ƙarfen in kai wa masu bincike, kuma in sun tambaye ni zan faɗi sunansa. Na zaci zai zage ni, na ma shirya. Ya daɗe yana kallon tukwanen.

"Karyayye na same shi," ya ce. "Har na ce wa kaina, wane irin jirgi ne wannan."

Shi ya zazzage bokitin da kansa, ya naɗe ƙarfen a tsumma, ya miƙo mini.

"Kwana nawa suke riƙe mutum?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ke da kika san komai."

Ya ɗebo ruwa ya kashe wutar maƙera, rana tsaka, dalma na tafasa a kai. Ya ce in gaya musu ba sai sun fasa masa ƙofa ba, yana ciki, su yi sallama kawai. Ya ce kada in biya ta wurin Inna, shi zai gaya mata.

Na fito waje. Ya ja ƙofar ya rufe. Na kama hanyar tasha.

Sa'ida