Tun da Na Ƙone, Manhajar Banki Ta Daina Gane Ni

Anti Saudat, don Allah ki agaza min, kaina ya kulle.

Mijina ya rasu, da tuyar awara nake riƙe 'ya'yana a nan Sabo, Ibadan. A da wata ma'aikaciyar ƙaramin banki, Rauda, har ɗaki take zuwa karɓar ajiyata, mu taɓa hira. Daga baya aka ce komai ya koma waya: ki nuna wa manhaja fuskarki, ta buɗe. Har murna na yi, don daga zaune nake biyan mai waken suya na kasuwar Bodija.

Bayan babbar salla kasko ya kife, mai ya watso min a fuska. Na warke, amma kuncina da fatar idona sun tattare. Tun daga nan manhajar ta ce ba ni ba ce. Na gwada a rana, na gwada a inuwa, har hoda na shafa, ƙarshe ta kulle asusun. Ofishinsu na Mokola ya zama shagon takalma. Lambarsu na'ura ke amsawa, da Turanci da Yarabanci, danna nan danna can har katina ya ƙare. Rauda ma an sallame ta. Jarina duk yana ciki, na daina tuya. Anti, ni da na juya madubina bango, kullum sai na kalli kaina a waya ina roƙo. Wallahi na gaji.

'Yar'uwarki daga Sabo

'Yar'uwa, sannu da wannan jarrabawa. Kullen don tsare ki daga ɓarayi aka yi shi, wannan kam gaskiyarsu. Amma rufe ofis a bar ki da na'ura, ba su kyauta ba.

Ba zan yaudare ki ba: irin wannan kan ja watanni, wasu ma gajiya suke yi su haƙura. Ki daina gwada fuskar, ciwo kawai take ƙara miki. Ki sa Rauda ta faɗa miki inda hedikwatarsu take, ki je da ƙafarki da katin ɗan ƙasa da takardar asibiti, ki nemi a tantance ki da zanen yatsa. In suka yi shiru, ki kai koke Babban Banki. Duk wanda ya ce ki ba shi lambar sirri ya gyara miki, ki guje shi.

Kafin nan, kada ki jira su. Ki faɗa wa danginki halin da kike ciki, ko mudu ɗaya na wake ne ki koma tuya. Allah ya ba ki lafiya, ya dubi marayunki.